Ba Rowa Ce Ta Hana Mu Sayen Manhajoji Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana kan wani zance da ya yi yawa a bakin masu harkar fasahar zamani, wato cewa mutanenmu ba sa sayen manhaja, ba sa biyan kuɗin wasan waya, kuma duk abin da ba kyauta ba ne ba za su taɓa shi ba. Ana faɗin haka a Yamai, ana faɗa a Kano, har wasu matasanmu da suka koyi rubuta manhaja a nan Maraɗi sun karɓi zancen hannu bibbiyu, suna karaya tun kafin su fara. Ni ban yarda da shi ba. A ganina mutumin Maraɗi yana biyan kuɗin wasa kullum, sau da yawa ma fiye da abin da ya kamata ya biya, sai dai kuɗin ba ya isa hannun wanda ya ƙirƙiri wasan, domin farashin da aka yanka ba da aljihunmu aka auna shi ba, hanyar biyan kuma ba don irinmu aka shimfiɗa ta ba.

Ya kamata a fara sanin inda farashin ya samo asali. A watan Yulin 2008 kamfanin Apple ya buɗe rumbunsa na manhajoji, App Store, bayan 'yan watanni kuma Google ya buɗe nasa, wanda aka sauya wa suna zuwa Google Play a 2012. A shekarun farko ciniki ne irin wanda kowa ya sani, ka biya sau ɗaya wasa ya zama naka. Farashin da aka fi sabawa da shi a lokacin shi ne santi 99 na dalar Amurka, kuma a kan wannan kuɗin ne kamfanin Rovio na ƙasar Finland ya riƙa sayar da Angry Birds ga masu iPhone lokacin da wasan ya fito a ƙarshen 2009. Daga kowane ciniki masu rumbun suna cire kashi 30 cikin ɗari, sai a 2021 ne Apple da Google suka sassauta zuwa kashi 15 ga ƙananan masu ƙirƙira.

Ga Ba'amurke santi 99 ba kuɗi ba ne da zai tsaya yana shawara a kansu. Mafi ƙarancin ladan aiki da dokar tarayyarsu ta yanka tun 2009 shi ne dala 7.25 a kowace awa, ke nan aikin minti takwas ko tara ya ishe shi sayen wasan. A nan Nijar mafi ƙarancin albashi jika 42 ne, wato sefa dubu 42, a wata tun farkon 2024, kuma santi 99 suna kaiwa wajen sefa 600 gwargwadon yadda canji ya kama, saboda haka ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya yi aikin kusan awa biyu da rabi kafin ya samu kuɗin wasa guda, wanda ake kira mafi araha. Idan wasan na dala 9.99 ne, ya doshi jika shida, wato kusan kashi ɗaya bisa bakwai na albashin wata. Wannan ma lissafin mai albashi ne, alhali mafi yawan mutanen wannan jiha manoma ne da 'yan kasuwa da 'yan kabu-kabu da masu sana'ar hannu, waɗanda abin da suka samu yau shi za a ci yau. 'Yan uwanmu na Katsina da Kano sun fi mu jin zafin abin tun da darajar naira ta faɗi a 2023, domin duk abin da aka yanka da dala ya ninka a hannunsu. Mu abin da ya ɗan kare mu shi ne ɗaurin da aka yi wa sefa da yuro a kan sefa 655.957 ga kowane yuro ɗaya. To mutumin da ya ƙi ba da aikinsa na awa biyu da rabi saboda wasan da bai taɓa gwadawa ba, ban ga dalilin kiransa marowaci ba, lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne.

A ce ma mutum ya yarda zai biya. Babbar hanyar biya a waɗannan rumbuna ita ce katin banki irin na Visa ko Mastercard, kuma kowa ya san cewa masu irin wannan kati a garinmu ƙalilan ne. Kuɗinmu a hannu suke, ko a asusun waya irin Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash, ko kuma suna bi ta gidajen aika kuɗi irin NITA da Amana da Al Izza, waɗanda da wuya ka zaga unguwa ba ka ga reshensu ba. Wannan matsala ba mu muka ƙirƙiro ta don kare kanmu ba. WhatsApp da kansa ya taɓa yanka wa masu amfani da shi santi 99 a shekara, amma a watan Janairun 2016 ya soke kuɗin, kuma cikin dalilan da ya bayar akwai cewa da yawa daga cikin mutanensa ba su da katin banki da za su biya da shi. Kamfani mai wannan girma ya gane cewa rashin kati daban, rashin niyya daban, to me zai sa mu da abin ya shafa mu kasa ganewa?

Wanda yake son ya san ko mutanenmu suna biya, ya duba abin da suke kashewa a kan waya a rana guda. Saurayi yana sayen mega ta yini domin ya shiga wasa da abokansa, yana ba mai caji sefa 50 ko 100 idan an ɗauke wuta, yana biyan kuɗin shiga gidan kallon ƙwallo, yana biyan kuɗin zama a shagon PlayStation, yana ba mai tura fina-finai da waƙoƙi ladansa. Matan aure da 'yan mata a Maraɗi da Damagaram da Tawa suna biyan kuɗin littattafan Hausa da marubuta ke fitarwa shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, har marubutan Najeriya da dama sukan ware hanyar biya ta musamman domin masu karatu na Nijar, saboda sun ga akwai ciniki. Abin da ya fi ƙarfafa hujjata shi ne sana'ar da ta tsiro a kan wasanni irin Free Fire da PUBG Mobile da eFootball, inda wani mai kati ko mai hanya a waje yake karɓar kuɗi a hannu ko ta waya, ya karɓi lambar ɗan wasa, ya zuba masa lu'ulu'u ko tsabobin cikin wasa, ya ɗora ribarsa a kai. Mutumin da yake neman dillali ruwa a jallo domin ya biya fiye da farashin asali, ba a ce masa ba ya son biya. Duk waɗannan cinikayya abu biyu suka haɗa su: kuɗin kaɗan ne a lokaci guda, kuma ana biyansu ta hanyar da mutum ya saba.

Kuma bai kamata a ɗauka cewa ƙin biyan kuɗi tun daga bakin ƙofa halinmu ne mu kaɗai ba. A watan Disamban 2016 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Super Mario Run, ya bar matakan farko kyauta, ya ce wanda ke son sauran ya biya dala 9.99 sau ɗaya. Kafin shekara ta zagayo an sauke wasan sau miliyan 200, amma kamfanin da bakinsa ya ce ribar ba ta kai yadda yake so ba. A 2016 ɗin ce kuma aka sayi kamfanin King, mai Candy Crush Saga, a kan dala biliyan 5.9, Tencent na ƙasar Sin kuma ya jagoranci sayen mafi yawan hannun jarin Supercell, mai Clash of Clans, a kan kimanin dala biliyan 8.6, alhali waɗannan wasanni biyu kyauta ake sauke su. Darasin da kasuwar ta ɗauka ke nan, kowa ya koma rubuta kalmar kyauta a bakin ƙofa yana karɓar kuɗi daga ciki.

A nan ne damuwata ta fi yawa, Malam Edita, domin Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Wasan da aka ce kyauta ne, an tsara shi tun daga tushe yadda zai kai ɗan wasa inda zai ga biya ya fi masa sauƙi. Matakan farko suna zuwa da sauƙi har mutum ya saba, daga nan sai a tsananta, damarsa ta ƙare, a ce masa ya jira wani lokaci ko ya biya ya ci gaba nan take. Ba a rubuta masa farashi da kuɗin da ya sani, sai an fara juya kuɗin zuwa lu'ulu'u ko zinariya ta cikin wasa, ta yadda idan ya sayi riga ko bindiga ko ɗan ƙwallo ba zai ji a jikinsa cewa jika biyu ce ta fita ba. Ana sayar da lu'ulu'un a ƙunshi-ƙunshi da ba su cika yin daidai da farashin kayan ba, kullum sai an bar masa saura da ba za ta sayi komai ba sai ya ƙaro. Ana sa masa agogo yana ƙirga sa'o'in da suka rage kafin rangwame ya wuce. Masu wannan sana'a sun san cewa mafi yawan 'yan wasa ba za su biya ko sisi ba, kuma kaso mai tsoka na kuɗinsu yana fitowa ne daga 'yan tsirarun da suka kasa tsayawa, saboda haka a kan waɗannan tsirarun ake gina wasan. Wanda bai biya ba kuma ba a ƙyale shi ba, ana nuna masa tallan bidiyo bayan kowane mataki, tallan nan kuwa da megarsa ake sauke shi. Yaron da ke alfahari bai taɓa sayen wasa ba yana biya kowace rana, ga kamfanin waya da ga mai talla, ba tare da wani ya rubuta masa jimillar ba.

Mafi muni a cikin dabarun shi ne akwatin sa'a, ko faifan sa'a da ake juyawa, inda mutum zai biya kuɗi bai san abin da zai fito masa ba, ko abu mai daraja ko tarkace. Ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni tun 2017 su bayyana yawan yiwuwar samun kowane abu a cikin irin wannan akwati, hukumar kula da caca ta Beljiyam kuma a 2018 ta yanke cewa akwatunan da ake saya da kuɗi a wasu wasanni caca ce a ƙarƙashin dokar ƙasar. Ni ba malamin fiƙihu ba ne da zan ba da fatawa, amma garinmu gari ne na malamai, kuma tun muna yara muke jin ayar Suratul Ma'ida da ta haɗa giya da caca a wuri guda, muke kuma jin hanin da aka yi game da cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Ina ganin lokaci ya yi da malamanmu za su sa a nuna musu yadda waɗannan akwatuna suke aiki, su duba su da idon ilimi, su faɗa wa iyaye matsayinsu, domin uba zai iya hana ɗansa zuwa shagon cacar ƙwallo alhali irin wannan ɗabi'a tana girma a cikin wayar da shi da kansa ya saya masa.

A ƙasashen da ke da hukumomi masu bin kadin mai saye, an sha tilasta wa kamfanoni su mayar da kuɗi. A 2014 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta sa Apple ya amince zai mayar da aƙalla dala miliyan 32.5 ga iyayen da 'ya'yansu suka yi sayayya a cikin wasanni ba da izininsu ba, Google ma ya amince da aƙalla dala miliyan 19 a wannan shekarar. A ƙarshen 2022 kamfanin Epic Games, mai Fortnite, ya amince zai biya dala miliyan 245 domin a mayar wa waɗanda aka ja su cikin sayayyar da ba su yi niyya ba. A nan kuwa, tun da cinikin ta hannun dillali yake bi, babu rasit, babu sunan mai saye a ko'ina, idan yaro ya kwashi kuɗin cefane ko kuɗin makaranta ya zuba a wasa, ko dillali ya karɓi kuɗi ya kashe waya, ba wanda za a kai wa ƙara. Rufe mana hanyar biya ta gaskiya bai hana kuɗinmu fita ba, kariyar da sauran masu saye ke samu kawai ya hana mu.

Duk da haka ba zan wanke mu gaba ɗaya ba. Akwai al'adar da ta zauna mana ta tura fasassun manhajoji daga waya zuwa waya ta Xender, waɗanda aka cire musu makullin biya, kuma da yawa ba sa ganin laifin hakan ko kaɗan. Masu wasan Monument Valley, wanda aka sayar a kan dala 3.99, sun bayyana a farkon 2015 cewa kashi 5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka sa wasan a wayoyin Android suka biya, wanda ke nuna cewa abin ya game duniya. Amma yawan masu yin abu ba ya halatta shi. Wanda ya kwana yana rubuta manhaja yana da haƙƙi a kanta kamar yadda maɗinki yake da haƙƙi a kan ɗinkinsa, kuma tsadar abu tana ba ka damar ka bar shi ne, ba ta ba ka damar ka ɗauka ba. Ga kuma haɗarin da ke ciki, domin wanda ya fasa manhajar yana iya cusa mata abin da zai karanta saƙonninka, a wayar da a yau take ɗauke da asusun kuɗinka da lambobinka na sirri.

Wanda wannan hali ya fi cutarwa shi ne ɗanmu mai ƙirƙira. Akwai matasa da suka fito daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo da sauran makarantu waɗanda za su iya yin wasan dara na waya da ƙa'idojinsa na asali, ko wasan kokowa da za a riƙa fafatawa tsakanin jihohi takwas kamar yadda ake yi a gasar takobi, wadda aka fara a 1975, ko manhajar koya wa yara karatun Hausa da lissafi. Buɗe asusun mai ƙirƙira a Google Play dala 25 ne sau ɗaya, a Apple kuma dala 99 kowace shekara, kuma su ma da kati ake biyansu. Idan matashi ya tsallake wannan ya ce zai rayu da talla kamar manyan kamfanoni, zai tarar cewa abin da ake biya a kan tallan da aka nuna wa ɗan Nijar bai kama ƙafar wanda ake biya a kan ɗan Turai ko Amurka ba, domin masu talla suna biya ne gwargwadon ƙarfin aljihun mai kallo. Idan ya sa farashi, mai son saye ba shi da hanyar biya, wanda ya samu kuma zai tura wa unguwa gaba ɗaya. Abin da ya rage masa shi ne ya kwaikwayi akwatin sa'a, ko ya bar sana'ar, kuma yawancinsu barin ta suke yi.

Maganin yana cikin yadda muka iya ciniki tun asali. Mai tebur a unguwa ba ya jiran sai an zo sayen buhun sukari, yana ƙulla na sefa 25 da na 50, kuma da wannan ƙulli yake ciyar da gidansa. Manhaja ma za ta sayu a Maraɗi idan aka ce sefa 100 a mako, ko 250 a wata, ko 500 sau ɗaya ta zama taka har abada, a rubuta farashin ƙarara da sefa, a bar mutum ya gwada kafin ya biya, kuma a ba shi tabbacin cewa bayan ya biya ba za a dame shi da talla ba. Wannan ba mafarki ba ne, domin tun 2015 Google ya sauko da mafi ƙarancin farashi a Indiya zuwa rupi 10, daga baya ya yi irin haka a wasu ƙasashe, kuma a wurare da dama ya ƙulla yarjejeniya da kamfanonin waya yadda ake cire kuɗin manhaja kai tsaye daga kiredi ba tare da kati ba.

Saboda haka ina kira ga kamfanonin wayarmu da gidajen aika kuɗi su sauƙaƙa wa ƙananan masu ƙirƙira hanyar haɗa manhajarsu da asusun waya, da kaso mai sauƙi da kuma takardun da ɗalibi zai iya cikawa, ta yadda biyan sefa 100 ba zai ci sefa 50 na lada ba. Ina kira ga hukumar ARCEP mai kula da harkokin sadarwa da ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye su sa ido a kan duk wata hanya da za a buɗe, a wajabta neman lambar sirri kafin kowace cira, a sa iyakar abin da za a iya cirewa a rana, a kuma hana sabunta rajista a ɓoye, domin idan aka fara cin kiredin mutane ba da saninsu ba, amanar da ake son ginawa za ta rushe tun ranar farko. Iyaye kuma su sani cewa a cikin Google Play akwai wurin da ake sa wa sayayya makulli, akwai kuma manhajar Family Link da ke ba uba damar amincewa ko ƙin amincewa da abin da ɗansa zai sauke. Daga ƙarshe ina roƙon jaridarka, ranka ya daɗe, ta tura wakili ya zauna da masu zuba lu'ulu'u da masu shagunan wasa a Maraɗi da Katsina, ya tambaye su nawa ke ratsa hannunsu a mako da shekarun waɗanda ke kawo kuɗin, sannan ya kai wa kamfanonin waya amsar ya ji abin da za su ce.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Unguwar Zariya, Maraɗi.